Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiya

'Yan uwa mambobi, bayan gaisuwa da fatan alheri, ga bayanin ayyukan da kwamitin gudanarwa ya yi a shekarar da ta ƙare.

Mafi yawan ƙarfinmu ya tafi ne a kan zaman sulhu tsakanin manoma da makiyaya. Sau biyu ake yin sa. Na farko kafin ruwan shuka, don a bi burtali da mashaya a ga inda gona ta ci hanyar shanu. Na biyu a watan Oktoba, kafin a kwashe dawa da wake, lokacin da garkuna ke fara gangarawa kudu. Kafin ranar zama, mutum biyu daga cikinmu kan je wajen ardo, biyu kuma wajen dagaci, su saurari koken kowa shi kaɗai, domin idan aka tsallake wannan kowa zai zo taro da fushinsa ɗanye. Ba ma karɓar fiye da mutum bakwai daga kowane ɓangare, kuma dole a sa samarin da ke bin shanun da ƙafarsu. Dattawa kan amince da magana, amma idan yaron da ke riƙe da sanda bai ji ta da kunnensa ba, an yi aikin banza. A filin makarantar firamare ake zama, wurin da babu mai cewa nasa ne, kuma ana ajiye sanda da adda a bakin ƙofa.

Inda sulhu ya fi wargajewa shi ne wajen ƙiyasin ɓarna. Idan shanu sun shiga gona, masu ƙiyasi huɗu, wato manomi, makiyayi, wakilin mai unguwa da malamin gona, su isa wurin kafin kwana ɗaya ya cika, tun sawu yana nan. Bayan kwana uku iska ta shafe sawun, wataƙila wani garke ma ya ratsa, sai a ɗora wa rugar da ta fi kusa laifin da ba nata ba. Ana ƙirga kunyoyin da aka cinye, a kimanta amfanin da dami ko tiya bisa farashin kasuwar wannan makon, a rubuta da Hausa, a karanta a fili, kowa ya dangwala yatsa. Kwafi uku ake yi: na mai gona, na mai shanu, na dagaci. Duk yarjejeniyar da aka bari a baki kawai, mun ga tana dawowa da rigima kafin a gama sussuka.

Ranar Zaman Lafiya ta Duniya, 21 ga Satumba, mun zauna da 'yan banga kan haɗarin dukan wanda ake zargi maimakon miƙa shi ga hukuma. Liman da fasto ne suka buɗe taron da addu'a.

A ranar 10 ga Disamba, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da kundin haƙƙin ɗan Adam a 1948, mun bi babi na huɗu na tsarin mulkin Najeriya na 1999, wanda ya ƙunshi haƙƙoƙin ɗan Adam. Sashe na 35 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 kuma ta hana kama wani a madadin wani, abin da iyaye mata suka fi tambaya a kai, tunda su ake tsarewa idan ɗa ya gudu. Mun jaddada cewa beli kyauta ne, mun kuma nuna yadda ake kai koke ga Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa.

Mata ba sa sakin jiki a zaman gama-gari, alhali su ne ke fara jin ƙishin-ƙishin ɗin rikici a bakin rijiya da wajen tallar nono. Saboda haka a shekara mai zuwa za a ware musu nasu zaman bayan azahar, a ranar da ba ta kasuwa ba, kuma mace ce za ta jagorance shi. Kuɗin mai na baburan masu ƙiyasi daga kuɗin wata-wata yake fitowa, don haka waɗanda ake bi su biya ma'aji kafin babban taro.

Kwamitin Gudanarwa