Wasiƙa zuwa ga aminiyata kan katun ɗin 'yan matan Japan

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Aminiyata, bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara baki ɗaya. Ya baƙunta, ya kuma ruwan Maleshiya da kika ce ba ya ɗagawa? Mu nan Zariya hunturu ya sauka da ƙarfinsa, hazo ya rufe gari, wanka sai da ruwan zafi. Hajiya na gaishe ki, ta ce har yanzu ba ta ga hoton autarki ba.

Na ga saƙonki kan katun ɗin Japan da 'yarki, babbar 'yata, ta liƙe wa. Kin ce kin leƙa wayarta kin tarar da wasu 'yan mata masu dara-daran idanu suna shan shayi suna ta zuba, kin zauna jiran ki ga inda labarin ya dosa, har aka tashi ba ki gani ba. Kika tambaye ni, abin bari ne ko na hanawa? Na so in amsa miki da murya ta WhatsApp, sai na ga maganar ta fi ƙarfin minti biyu, shi ya sa na zauna na rubuta. Ɗalibaina ne suka jawo ni cikin abin nan, don ba na son in tsawatar wa yarinya a kan abin da ban sani ba. Da bincike na shiga, amma yanzu so nake yi.

Shi anime, kamar yadda suke kiransa, faɗi gare shi. Akwai na faɗa, akwai na ban tsoro, akwai wanda ko babba bai kamata ya kalla ba. Wanda kika gani wani reshe ne daban, na rayuwar yau da kullum, kuma yawanci 'yan matan babbar sakandare ne a ciki. Babu mugu, babu wanda za a ceto, saurayi ma babu. Akasarinsu daga littattafan zane da ake kira manga aka ciro su, musamman irin mai gida huɗu: akwati huɗu a jere daga sama zuwa ƙasa, na huɗun ya kawo dariya, shi ke nan an wuce. In aka harhaɗa irin waɗannan guntaye aka yi fim, dole ki ga kamar ba labari. Amma akwai abin da ke tafiya a ƙarƙashi, wato kalandar makaranta. A Japan ana shiga sabon aji a watan Afrilu, lokacin da itatuwan sakura ke fure, a yi dogon hutu a Agusta, a yi bikin al'adu na makaranta da kaka, a yaye ɗalibai a Maris. Babbar sakandarensu shekara 3 ce, daidai da SS1 zuwa SS3 ɗinmu. Tun kashi na farko kwanakinsu tare sun fara raguwa. Su yaran ba su lura ba, amma ke da kika taɓa yin kandi kin sani.

Wanda ake yawan cewa shi ya share fage shi ne Azumanga Daioh. Kiyohiko Azuma ya zana shi daga 1999 zuwa 2002, aka mayar da shi fim mai kashi 26 a 2002. Akwai Chiyo, 'yar shekara 10 da aka tsallakar da ita zuwa babbar sakandare saboda kaifin ƙwaƙwalwa, akwai wata da ta zo daga birnin Osaka aka laƙaba mata sunan garinsu har ya bi ta. Amma wadda ta tsaya min a rai Sakaki ce. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, 'yan aji na ganin kwarjininta suna ɗauka ba ta son wasa. Alhali ba abin da take so kamar kyanwa. A hanyar makaranta takan tarar da wata kyanwa mai ruwan toka a kan katanga, ta miƙa hannu a hankali za ta shafa ta, kyanwar ta wangale baki ta gantsara mata cizo. Gobe ma ta sake miƙawa. Da farko dariya za ki yi. In tafiya ta yi nisa sai ki gane yarinya ce mai taushin zuciya da ta rasa yadda za ta nuna shi. Ina da irinta a ajina yanzu haka, ana ce mata mai girman kai, alhali kunya ce ke cin ta.

Lucky Star kuwa, na kamfanin Kyoto Animation a 2007, kashinsa na farko ya buɗe ne da doguwar muhawara kan wani burodi mai siffar ƙaho da cakulan a ciki: ta wane gefe ake fara ci, ta tsinin ko ta kaurin? Mutane da yawa a nan suke kashewa. Ni kuwa nan na gyara zama, don na tuna mu a hostal bayan firef, ana gardama kan ko gari ake fara zubawa a kwano ko ruwa, har metiron ta buga ƙofa. Ba wadda ta taɓa cin gardamar nan, kuma dama ba don a ci ake yin ta ba.

In guda ɗaya kawai za ki kalla don kanki, ki kalli K-On! Asalinsa manga ne na wani mai zane da ke amfani da sunan Kakifly. Kyoto Animation ta fito da shi a 2009, zango na biyu a 2010, sannan babban fim a 2011 inda yaran suka je Landan. Wadda ta ba da umarni Naoko Yamada ce, shekararta 24 lokacin da aka fara nuna shi, wadda ta tsara labarin kuma Reiko Yoshida, ita ma mace. Ina jin shi ya sa yaran ke motsi irin na 'yan mata na gaske. Yamada na da ɗabi'ar saukar da kyamara ƙasa ta nuna ƙafafu: yadda yarinya ke goga takalmi da takalmi in tana jin nauyin magana, ko yadda take ɗan tsalle in abu ya yi mata daɗi. Tun da na lura da haka nake kallon ƙafafun ɗalibaina in na kira su gaban allo.

Kulob ɗin kiɗa na makarantar ne za a rufe, don doka ta ce sai da mutum huɗu. Ritsu mai ganga, Mio bahaguwa mai jita mai kaurin sauti, da Mugi mai fiyano suna neman ta huɗu. Sai ga Yui, wadda ba ta taɓa riƙe jita ba. Ta zo ne ma ta ce ta fasa, suka zaunar da ita da shayi da kek, suka yi mata kiɗa ɗaya. Da suka gama ta faɗa musu gaskiya cewa ba su wani iya ba, amma ta ga suna jin daɗi, don haka za ta shiga. Jitar da ta ƙyalla ido a kai yen 250,000 ce a kuɗin Japan, ita kuma 50,000 ke hannunta, sai sauran ukun suka bi ta aikin ƙirga motoci a bakin titi don a tara mata. Daga nan yawancin abin da za ki gani shan shayi ne. Mugi 'yar masu hali ce, kullum da buta da kofuna na alfarma, har sunan ƙungiyarsu daga shayin bayan tashi makaranta aka samo shi. A shekara ta biyu juniyarsu Azusa ta shigo. Ita ta iya jita da gaske, ta zo da zafinta tana son atisaye, ta tarar da siniyoyi na cin kek. Ranta ya ɓaci, ta je ta kalli wasu ƙungiyoyi da suka fi su iyawa, amma ta dawo, don abin da ta ji a kiɗan waɗannan huɗun ba ta ji shi a can ba.

Wurin da ya sa ni hawaye yana zango na biyu. Sun gama wasansu na ƙarshe a bikin makaranta, suka koma ɗakin kulob suka zube a ƙasa su biyar a jere, baya jingine da bango, gajiya ta kama su. Suka fara lissafa abin da za su yi nan gaba, wannan biki, waccan tafiya, tarbar sabbin ɗalibai, har aka zo kan bikin baɗi. Sai aka tuna huɗu daga cikinsu ba su da baɗi a makarantar. Ba wadda ta yi dogon jawabi. Suna dariya hawaye na zuba, kowacce na tsokanar 'yar'uwarta wai ita ke kuka, har barci ya kwashe su riƙe da hannun juna. Aminiya, sai da na dakatar da fim ɗin. Ranar da muka gama takardar ƙarshe ta WAEC ta dawo min, muna zaune kan akwatunanmu na ƙarfe a ƙofar hostal muna jiran motocin gida, muna ta alƙawarin haɗuwa duk sallah. Kin san yadda ta kasance. Aure ya ɗauki wasu, karatu ya ɗauki wasu, wasu kuma ƙasa ta rufe musu ido, Allah Ya jiƙansu da rahama. Hausawa sun ce sabo ake yi wa kuka, kuma mutanen nan sun san da haka, shi ya sa suka ɓata lokaci mai tsawo suna saba miki da yaran kafin su raba su.

A fina-finan Indiya da muka tashi da su, har ma da namu na gida, ƙawa yawanci 'yar aike ce, ko mai kai saƙo ga saurayi ko mai zuga a kan kishiya, da an ɗaura aure aikinta ya ƙare. A nan kuwa ƙawancen shi ne labarin gaba ɗaya. Wannan ne ya riƙe ni, kuma ina ganin 'yan matanmu na da buƙatar su ga irin haka, su san zaman da suke yi da junansu yanzu abu ne mai daraja a karan kansa.

Akwai wani abin baƙin ciki da ke tare da kamfanin nan. Ran 18 ga Yulin 2019 wani mutum ya banka wa ɗakin aikin Kyoto Animation wuta, mutum 36 suka mutu, da yawansu mata ne matasa masu zane. Cikinsu har da Yasuhiro Takemoto, wanda ya ba da umarnin mafi yawan Lucky Star. Tun da na ji labarin, in na ga turirin shayi yana tashi a allo sai in tuna wani ne ya zauna ya zana shi da hannunsa.

Yanzu ga amsar tambayarki. Ba zan ce ki sakar mata waya ba. Mujallun da yawancin labaran nan ke fitowa, har da Manga Time Kirara da K-On! ya fito a ciki, don maza aka yi su tun asali, shi ya sa wasu fina-finan reshen nan sukan kauce hanya wajen nuna jikin yaran. Siket ɗin makarantarsu gajere ne, kuma kusan kowanne yana da kashin zuwa bakin teku da kayan ninƙaya. A Azumanga akwai wani malami namiji mai maganganun banza kan ɗalibai, wai don dariya aka sa shi, ni dai raina ɓaci yake in ya fito. Sannan ga addininsu: da sabuwar shekara za ki ga sun je wurin bautar Shinto sun jefa kuɗi sun tafa hannu suna roƙo. A Lucky Star mahaifin tagwayen cikin labarin ma shi ke kula da irin wannan wuri, kuma na gasken da aka kwaikwaya, Washinomiya a lardin Saitama, sai da ya cika da masoya fim ɗin. Maganar kiɗa kuwa, ku kuka san matsayin gidanku. Shawarata ki zauna ku kalla tare. Inda ya kamata a wuce a wuce, inda ke buƙatar bayani ki yi mata. Ki tuna yarinya ce da aka ciro daga cikin ƙawayenta aka kai ta ƙasar da ba ta jin yarensu, ba mamaki hayaniyar aji take nema a wayar nan. Ki tambaye ta wacce ta fi so a cikin 'yan matan, za ki ji abin da ba za ta faɗa miki kai tsaye ba.

Ku fara da Yuru Camp na 2018, shi ya fi natsuwa. Rin yarinya ce mai son fita ta kwana a tanti ita kaɗai lokacin sanyi, a lardin Yamanashi kusa da dutsen Fuji. A bakin tafkin Motosu ta haɗu da Nadeshiko, wadda barci ya ɗauke har dare ya rutsa da ita, Rin ta zaunar da ita bakin wuta ta ba ta taliya mai zafi. Abin da ya burge ni, Nadeshiko mai son jama'a ce, amma ba ta matsa wa Rin sai ta canza hali ba. Akwai kashin da suka fita lokaci ɗaya amma wurare daban, ɗaya a Nagano ɗaya a Yamanashi, cikin dare kowacce ta hau tudu ta ɗauki hoton fitilun garin da ke ƙasanta ta tura wa 'yar'uwarta.

Irin haka nake so mu riƙa yi ni da ke. Mun koma sai an yi haihuwa ko rasuwa muke jin juna, kuma abin yana damuna. Ba babban labari nake nema ba. Ki turo min hoton kasuwar da kike cefane, ki gaya min me kike sa wa miya a madadin daddawa, ki faɗa min in maƙwabciyarki ta ba ki haushi. Ni ma zan riƙa turo miki nawa, ko da na farashin tumatir ne.

Wata mai zuwa ƙanen maigidana zai taho Kuala Lumpur karatu, zan ba shi kuka da daddawa da yaji ya kawo miki. In akwai abin da za a ƙara ki sanar da ni kafin ya ɗaure kaya. Ki gaishe min da maigida da yara, ki ce wa babbar 'yata ina jiran ta rubuto min wanda take kallo yanzu.

Wassalam,
Ni ce aminiyarki.