Kuɗin 'yan furotokol da darasin da ya kamata a sake rubutawa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, na rubuto ne game da shirin da kuka gabatar a kan 'ya'yan Zango da makarantun koyon aikin jinya, inda mafi yawan waɗanda suka bugo waya suka tsaya a kan magana ɗaya, cewa ba a ɗaukar 'ya'yanmu saboda ba mu da babban mutum a sama. Ni nas ce da ta yi ritaya, na yi aiki a ɗakunan marasa lafiya na kuma koyar da ɗalibai a bakin gado, kuma har yau iyaye na shigo mini gida a nan Aboabo ta Kumasi, ƙasar Ghana, da takardun sakamakon 'ya'yansu a cikin leda. Ba zan ce babu alfarma a harkar ɗaukar ɗalibai ba, domin masu nema sun ninka guraben da ke akwai, kuma duk inda aka sami haka sai an sami mai bi ta bayan gida. Sai dai abin da nake gani a cikin waɗannan ledoji ya sha bamban da abin da na ji a rediyo, kuma ina ganin ya dace masu sauraro su ji shi.

Sharaɗin shiga karatun difloma na shekara 3 a kwalejojin da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya, irin na Korle Bu a Accra ko wadda ke harabar asibitin Komfo Anokye da muke kira Gee, a rubuce yake ba a ɓoye ba. Ana son ɗalibi ya sami tsakanin A1 (maki mafi kyau) da C6 a jarrabawar kammala babbar sakandare ta WASSCE a darussa uku na tilas, wato Turanci da lissafi da kimiyya, sannan ya sami haka a darussa uku na zaɓi. Ana tara makin darussa shidan, kuma wanda jimillarsa ta fi ƙanƙanta shi ke gaba. Yarinyar da ta sami D7 a lissafi, ko da ta kwashe A1 a Larabci da ilmin addini, kwamfuta ce za ta fitar da ita tun kafin wani ɗan Adam ya ga sunanta balle ya gane 'yar wace unguwa ce, tunda ta intanet ake cike takardar neman shiga. Takardun da ake kawo mini, galibinsu wannan ce matsalarsu: D7 ko E8 a lissafi ko a kimiyya, sauran darussan kuwa ba laifi.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne abin da iyaye ke yi bayan sun ga wannan sakamako. Maimakon a biya wa yarinya kuɗin darasin bita ta sake zama jarrabawar masu zaman kansu ta ƙarshen shekara, wadda aka daɗe ana kira Nuwamba-Disamba, sai a shiga neman mai hanya. Akwai wata baiwar Allah mai sayar da waake a bakin titi, da ta kwashe adashinta na shekara ta damƙa wa wani mutum da ya ce yana da furotokol, wato gurbin alfarma, a wata makaranta. Ya kawo mata takarda mai tambari da sa hannu, har da jerin kayan da za a saya, aka sayi akwati da bokiti da farin takalmi da agogon nan da ake maƙalawa a ƙirji, aka yi wa yarinya addu'a a masallacin unguwa. Ranar da suka kai ta, magatakardan makarantar ya duba jerin sunaye daga sama har ƙasa bai ga nata ba, wayar mutumin kuma tun daga ranar a kashe take. Kuɗin da ya tafi da shi sun isa su biya mata malamin lissafi da kuɗin rajistar jarrabawa har a sami canji. Kuma ko da a ce ya cusa ta ta wata hanya, Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma, wadda dokar 2013 mai lamba 857 ta ɗora wa alhakin wannan sana'a, tana yi wa ɗalibai rajista bayan sun shiga, tana kuma duba sakamakon da suka shiga da shi. Wadda aka gano nata na jabu ne za a mayar da ita gida, wataƙila bayan an riga an biya kuɗin shekara guda.

Wasu suna ganin nacewa a kan lissafi wata dabara ce kawai ta rage yawan masu nema. Da sun tsaya a ɗakin yara da ƙarfe biyun dare da ba su faɗi haka ba. Likita ya rubuta a ba yaro mai nauyin kilo 12 farasitamol, miligiram 15 ga kowane kilo. Nas ce za ta lissafa ta ga miligiram 180 ke nan, ta duba kwalba ta ga miligiram 120 ne a cikin kowane mililita 5, ta auna mililita 7 da rabi a sirinji. Ko kuma a ce ledar ƙarin ruwa mai mililita 500 ta ƙare cikin awa 4, da igiya mai ɗigo 20 a kowane mililita. Ita ce za ta tsaya da agogo a hannu tana murɗa maƙunshin igiyar har ɗigon ya zauna wajen 42 a minti ɗaya. A wannan lokaci likita yana wani ɗakin, uwar yaro tana kuka a gefe, kuma idan aka ɗora ɗigon lissafi a inda ba wurinsa ba a magani mai ƙarfi, an ninka shi sau goma ke nan. Ni kam ba zan so a yi wa jikana allura da hannun wadda aka saya wa gurbi ba.

Hanyar kuma tana farawa tun kafin WASSCE. Lokacin da yaro ke ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare ake zaɓar makaranta da fannin da zai karanta, kuma a gidajenmu da yawa ana barin yaro da malamin aji su cike takardar, uba bai san abin da aka zaɓa ba. Fannin kimiyya ya fi sauƙaƙa hanya, musamman ga mai son digirin shekara 4 a jami'o'in KNUST ko Legon ko UDS ta Tamale, amma kwalejojin difloma suna karɓar waɗanda suka yi fannin adabi da na tattalin gida. Tun daga 2017 babbar sakandare kyauta ce, saboda haka uzurin kuɗin makaranta ya ragu ƙwarai. Abin da bai ragu ba shi ne talla da aikin gida: yarinya ta tashi da asuba ta hura wuta ta raka uwarta da tukunyar koko, ta dawo da la'asar ta yi wanke-wanke ta tafi makarantar allo, sannan a zo a yi mamakin faɗuwarta a lissafi. A ɗauke mata wani abu daga cikin wannan kaya a shekararta ta ƙarshe. Ga wanda sakamakonsa bai kai na difloma ba a bincika ko har yanzu ana ɗaukar ɗalibai karatun satifiket na shekara 2 na mataimakan nas, daga baya a ƙaro karatu, kuma kafin a biya ko sidi ɗaya a makaranta mai zaman kanta a tabbatar majalisar da na ambata da hukumar kula da manyan makarantu ta GTEC sun amince da ita, domin ɗalibin makarantar da ba a amince da ita ba ba ya zama jarrabawar lasisi.

Idan an tsallake wannan, sai ganawar baki da baki. 'Ya'yanmu an tarbiyyantar da su a kan sunkuyar da kai gaban manya, abin yabo ne a gida, amma masu tambaya suna so su ji murya a fili, su ji dalilin da ya kawo mutum, su ga ko ya san abin da ke gudana a ƙasa ta fuskar lafiya. Wannan abu ne da ƙungiyoyin matasanmu da nas-nas ɗinmu da ke bakin aiki za su iya koyarwa a yammaci biyu ko uku a ajin wata makarantar Islamiyya, ba tare da an kashe komai ba.

Shiga kuwa rabin aiki ne, kuma a nan ma gida ke da hannu. Shekarar farko haddar sassan jiki ce da yadda suke aiki, da ƙwayoyin cuta, da sunayen magunguna, darussan da ke kayar da waɗanda suka ɗauka cewa sanya koren yunifom shi ne aikin. Hutun da sauran ɗalibai ke yi a gida, ɗalibar jinya a asibiti take yin mafi yawansa, tana gyaran gado, tana ɗaukar awon zafin jiki da bugun jini, tana wanke gyambo, tana kai wa marar lafiya fo ta zubar. Daga baya za ta ɗauki majinyaci ɗaya ta bi shi tun daga kwanciyarsa har a sallame shi, ta ziyarce shi a gidansa, ta rubuta rahoto mai tsawo a kansa wanda za a yi mata tambayoyi a kai. A ƙarshe ga jarrabawar lasisi, ta aiki a gaban masu dubawa da ta tambayoyi a kwamfuta. Iyalin da ke kiran yarinya kowane mako don suna ko biki ko sadakar arba'in, ko mijin da aka ɗaura wa aure da ita a shekara ta biyu ba a gaya masa akwai aikin dare ba, su ne ke sa a maimaita darasi. Ban hana aure ba, na ga waɗanda suka haɗa biyun suka gama lafiya, amma da sharaɗi aka yi tun wajen neman aure, a gaban waliyyai. Maganar hijabi kuma, da na ji wata mai sauraro ta tayar, gaskiya ce an sha samun saɓani a wasu wurare. Tsarin mulkin 1992 ya ba kowa 'yancin yin addininsa, kuma ɗan ƙaramin hijabi mai tsabta da aka soke cikin wuyan riga ba ya hana aiki. Wadda aka matsa mata ta kai ƙara a rubuce ta sanar da limamai da shugabanni, kada ta tattara kayanta ta dawo gida.

Kada kuma a ɗora lissafin gida a kan alawus ɗin da gwamnati ke ba ɗaliban jinya. An soke shi, aka dawo da shi a 2017 a kan sidi 400 a wata, kuma ya sha makara na watanni. Bayan lasisi akwai shekarar hidimar ƙasa, bayanta kuma jiran Ma'aikatar Kuɗi ta ba da izinin ɗaukar ma'aikata, jiran da kan kai shekaru. Shi ya sa da yawa ke ƙetarawa Ingila, gwamnati ma da kanta ta tura nas-nas zuwa Barbados a 2020. Wanda zai sa 'yarsa a wannan hanya don a fara cin albashi nan da shekara uku, gara ya san haka tun yanzu. Duk da haka ina so 'ya'yanmu su shiga, mata da maza, domin na sha ganin tsohuwa daga Sabon Zango ko Asawase a kwance ba ta jin Turanci, yaren Tiwi ɗin ma sama-sama, tana gyaɗa kai ga duk abin da aka faɗa mata, sai da aka nemo mai jin Hausa aka gano cewa ta kwana biyu tana shan maganin sau ɗaya maimakon sau uku, tana kuma haɗa shi da jiƙo daga gida.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne idan Ma'aikatar Lafiya ta sanar da fara sayar da takardun neman shiga, ku ware shiri guda ku karanta sharuɗɗan da Hausa dalla-dalla, ku faɗi inda ake sayen baucha ta gaskiya, wato katin cike takardar neman shiga, da ranar rufewa, ku gayyato malami daga ɗaya daga cikin kwalejojin ya amsa tambayoyin iyaye kai tsaye. Ku kuma sanar da lokacin rajistar jarrabawar masu zaman kansu tun da wuri, domin waɗanda ke da D7 a hannu su san ranar da za su je.

Wassalam.

Taku,
Wata tsohuwar nas,
Aboabo, Kumasi