Wasiƙa zuwa ga Sani kan ƙullutun gwiwarsa

Jekadafari, Gombe

Assalamu alaikum Malam Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya ruwan Fatakwal da ba ya ɗaukewa? Mu nan sai godiya.

Na saurari saƙonka, na kuma ga hoton ƙafar. Maganar da ka yi a ƙarshe ce ta hana ni sakat, wai wani wanzami ɗan wajenmu ya ce zai yi maka sakiya ya fitar da ruwan. Don girman Allah kar ka yarda. Idan ƙullutun nan irin na ƙanina Auwalu ne, to yana da hanya har cikin gaɓa, kuma ƙwayar cuta in ta shiga gaɓar gwiwa tana iya lalata ta cikin 'yan kwanaki.

Ka tuna Auwalu da ƙwallo, kullum yana filin Pantami. Nasa ya fito ne a gefen gwiwa ta waje, daidai inda ƙasusuwa biyu suka haɗu, tauri gare shi, in ya miƙe ƙafa ya fito sosai, in ya lanƙwasa ya ɗan ɓuya. Hawa bene da zaman tahiya su suka fi ba shi wuya. Da aka yi masa hoton MRI, mai nuna cikin jiki, likitan ƙashi ya juyo mana da kwamfutarsa ya nuna mana. Ashe tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri akwai guringuntsi biyu, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, suna aikin gammo. Na wajen ne ya tsage a kwance. Duk sanda ya taka, ruwan gaɓa sai ya kurɗa ta tsagar ya fita gefe, ba ya iya komawa, sai ya taru ya yi kauri yana yauƙi. Kumburin da ido ke gani ke nan, amma asalin ciwon yana ciki. Shi ya sa ko a asibiti aka zuƙe ruwan da sirinji, sau da yawa yakan dawo, tunda ƙofar tana nan a buɗe.

Aikin da aka yi masa bai kai yadda muka tsorata ba. Allurar baya aka yi masa, daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu, shi kuwa idonsa biyu. Ƙananan huda biyu suka yi a gaban gwiwa, ɗaya aka zura siririyar kyamara, ɗaya kayan aiki. Suka gyare bakin guringuntsin da ya yage, suka buɗa hanyar, suka matso ƙullutun daga waje ruwan ya koma ciki aka wanke. Likitan ya ce in ƙullutun ya yi girma ainun, ko ya rabu ɗaki-ɗaki, sukan tsaga ta gefe su ciro shi gaba ɗaya.

Ga tambayar da nake so ka yi wa duk likitan da ka samu: yankewa zai yi ko ɗinkewa? Bakin kowane guringuntsi da ya zagaye shi ta gefe, kamar kashi 1 cikin 3, shi ne jini ke kaiwa, tsagar da ke nan tana iya haɗewa in an ɗinke. Can wajen tsakiyar gaɓa babu jini, sai dai a datse. Datsewa ta fi saurin tashi, amma yawan abin da aka cire yawan yadda ƙashi zai riƙa gugar ƙashi in girma ya zo. A ganina likitan da ke jin ciwon cire ko ɗan ƙanƙani shi ne abin nema, ba mai alkawarin ka koma aiki jibi ba.

Na Auwalu datsewa ce kaɗan. Washegari ya fara takawa da sanduna, sai zuwa sashen gashin ƙashi ana sa shi ɗaga ƙafa a miƙe don naman cinya ya dawo, don cinyar ta rame ƙwarai. Wajen mako 6 ya koma shagonsa. Wanda aka ɗinke wa kuwa yakan yi mako 4 zuwa 6 da sanduna da abin ɗaure gwiwa, tsuguno kuma sai bayan watanni. Ka ga sai ka tanadi kujerar salla da bayan gida na zama tun kafin aikin. Mu sai da kafinta ya huda mana kujerar katako. Kuma in ƙwauri ya kumbura yana zafi bayan aiki, ko zazzaɓi ya zo, asibiti za a koma a ranar, domin jini na iya daskarewa a jijiya.

Naka dai sai an yi hoto za a tabbatar, don akwai wani kumburin da ke fitowa a bayan gwiwa, shi maganinsa daban. In ka samu sakamakon ka turo min ta WhatsApp. In kuma ka fi so a yi a gida kusa da masu jinya, ɗakin baƙi yana nan, ba hawa bene.

Hajiya tana gaishe ka, ta ce ka rage hawa babur. Ka gaida maiɗakinka da yara. Allah ya ƙara sauƙi.

Naka,
Bello