Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya fitar da sabon faifan kiɗan Florence Price

Ranka ya daɗe Manaja,

Bayan gaisuwa. Sau uku ina aiko muku da saƙo ta imel, shiru kamar an aiki bawa garinsu, shi ya sa na kawo maganar bainar jama'a.

Na yi odar faifanku biyu masu ɗauke da simfoni (dogon kiɗa mai kashi-kashi da babbar ƙungiyar makaɗa ke kaɗawa) na 1, na 3 da na 4 na Florence Price, baƙar Ba'amurkiya mai tsara kiɗa. Kuɗin kawo su Zariya ya kusa kamo kuɗin kayan, na biya ban ce uffan ba, domin matar nan ta cancanta. A 1933 makaɗan birnin Shikago suka kaɗa simfoninta na 1, karon farko da wata babbar ƙungiyar makaɗa a Amurka ta yi wa baƙar mace haka. Ta rasu a 1953, aka manta da ita. Sai a 2009 aka tsinci tulin takardunta a wani gida da aka yi watsi da shi a jihar Ilinoi, a ciki har da simfoni na 4.

To ga abin da kuka yi mata. Kashi na uku na simfonin farko rawar juba ce, wadda bayi 'yan asalin Afirka ke yi da tafi da dukan cinya da buga ƙafa a zamanin da aka hana su ganga. Price ta mayar musu da gangarsu, ta rubuta gangunan Afirka cikin kayan kiɗan. A faifanku gogunan Turawa da ƙahoni sun danne komai. Na ƙure sauti har maƙwabcina ya leƙo, amma gangar sai ka ce daga wata unguwar ake buga ta. Wa ya tace sautin nan? Ya taɓa tsayawa kusa da makaɗi kuwa?

Faifai na biyu kuma yana sarƙewa a tsakiyar simfoni na 4. Na gwada shi a na'ura biyu, wuri ɗaya yake tsayawa. Ɗan littafin da ke cikin kwalin bai ko ambaci labarin takardun 2009 ba, alhali kun cika shafi huɗu da hotunan jagoran makaɗa.

Ku aiko min da wani faifai na biyu, kuɗin aike a kanku. Batun ganga kuwa, ina son amsa a rubuce: za ku sake tace sautin, ko haka za ku ci gaba da sayar da shi? Rasit da lambar oda suna cikin saƙona na farko.

Naku,
Wani mai sayen kayanku daga Zariya