Sanyin hunturu ba daga nisan rana yake zuwa ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi gyara a kan abin da ya fito a shafin yara na makon jiya, inda aka ce sanyin hunturu yana zuwa ne saboda duniya ta yi nisa da rana. Jikata ce ta karanta mini, tana ta murna ta samu amsar da za ta kai wa malaminsu. Ban ga laifin marubucin sosai ba, don ni ma a farkon aikina na koyarwa a firamare na sha faɗa wa yara haka, Allah ya yafe mini. Maganar tana da daɗin ji, wanda ya matsa kusa da murhu ai shi ke jin ɗumi. Sai dai ba haka abin yake ba.

A wannan wata na Janairu da muke rawar ɗari, muna shafa man kaɗanya a kaushi, a cikinsa ne duniya ta fi kusantar rana a duk shekara, kimanin kilomita miliyan 147. A farkon Yuli take fin nisa, wajen miliyan 152. Da nisa ne ke kawo sanyi, da duk duniya lokaci guda za a yi shi. To amma wanda ya kalli gasar cin kofin duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu zai tuna 'yan kallo cikin rigunan sanyi da huluna a watan Yuni, alhali mu nan muna ta shuka gero.

Asirin yana wajen karkata. Duniya tana juyi kamar mazari a hannun mai kaɗi, amma mazarin ba a miƙe yake ba, ya karkace da wajen digiri 23 da rabi, kuma a haka yake kewaya rana shekara guda ba ya sauya inda ya fuskanta. Saboda haka rabin shekara arewacin duniya ne ke kallon rana sosai, ɗaya rabin kuma kudanci. Juyin da take yi a kan kanta cikin awa 24 shi ke kawo dare da rana, kuma wannan ba sai an yi wa mai azumi dogon bayani ba: mutumin Maiduguri yakan sha ruwa kusan rabin awa kafin na Sakkwato.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne hujjar tana tsakar gidan kowa, ba mu dubawa. A kafa sanda mai tsawon mita 1 a Kano, a duba inuwarta da tsakar rana. A ƙarshen Disamba za ta kwanta arewa, kimanin santimita 70, domin rana ta yi kudu, haskenta a kaikaice yake sauka, ba ƙarfi. A ƙarshen Yuni inuwar ta koma kudu, 'yar gajeruwa, wajen santimita 20. Sau biyu kuwa a shekara, wajen 21 ga Afrilu da kuma wajen 21 ga Agusta, inuwar ɓacewa take yi ƙarƙashin sandar, rana tana tsaye cak a kan ka. Na farkon shi ne tsakiyar bazara, lokacin da ruwan randa ma ke yin ɗumi. Na biyun bai cika damunmu ba don hadari da ruwan sama sun tare mana. Tsofaffin ladananmu sun san wannan tun kafin agogo ya wadata. Shi ya sa a littattafan fikihu ake cewa a cire inuwar zawali kafin a auna shigar la'asar, don sun lura ba ta tsayawa a tsawo ɗaya.

Damina ma ranar take bi. Idan rana ta yo arewa ta gasa ƙasa, iska mai laima daga teku takan biyo bayanta har ta iso mana da hadari. Idan ta koma kudu, sai busasshiyar iskar Sahara ta samu hanya, ta kwaso ƙura, mafi yawanta daga kwarin Bodele a Chadi, ta zuba mana. Wannan iskar da bushewarta su ne ke ƙara wa darenmu sanyi.

Mu da ke kusa da tsakiyar duniya abin ya zo mana da sauƙi, tsawon yini a Kano bai wuce tsakanin kusan awa 11 da rabi da kusan awa 13 ba. A Landan kuwa yinin Yuni ya haura awa 16, na Disamba bai cika 8 ba. A garin Tromso na Norway rana kan yi kusan wata biyu ba ta faɗi ba.

Roƙona biyu ne. A buga gyara a shafin yaran. Sannan idan Allah ya kai mu ƙarshen Mayu, a tunatar da masu karatu cewa ranar 27 ko 28 ga wata, da misalin ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya, rana tana tsaye daidai saman Ka'aba. Duk wanda ya fuskanci rana a wannan lokaci alƙibla ya fuskanta. Haka zai sake faruwa ranar 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27. Ni da jikar tawa mun riga mun kafa sandarmu a gindin katanga, tana zana tsawon inuwar da gawayi duk ranar Juma'a.

Naka,
Tsohon malamin firamare, daga Kano