A bar wa manhaja ƙirga, a bar wa ’yan wasa jifan ƙwayarsu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma’aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani lamari da ya shafi masu yin wasannin labari ta intanet, wato wasannin da mutum huɗu ko biyar ke haɗuwa kowa ya ɗauki jarumi guda yana magana da yawunsa, yayin da mutum ɗaya, wanda zan kira jagora, yake riƙe da ragamar labarin. Mafi shahara a cikinsu shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Ga wanda bai san wasan ba, ba caca ba ce, domin babu kuɗin da ake sawa. Ƙwayar da ake jefawa tana kama da ta ludo, sai dai fuskokinta 20 ne, kuma aikinta shi ne ta yanke ko abin da jarumi ya yi niyya ya yiwu ko bai yiwu ba. Idan aka jefa, sai a ƙara makin ƙwarewar jarumin a kan abin da ya fito, a duba ko jimillar ta kai adadin da jagora ya sa, wanda yakan zama 10 ga abu mai sauƙi, 15 ga matsakaici, 20 ga mai wuya.

A da a kan tebur ake yin wannan wasa, amma yanzu akwai manhajojin da suka maye gurbin teburin, irin su Fantasy Grounds da ta fito a 2004, da Roll20 ta 2012, da Foundry ta 2020. Sun sauƙaƙa abubuwa da yawa, amma akwai wuri guda da har yanzu wasa ke tsayawa cik, shi ne lokacin da ake son tawaga gaba ɗaya ta yi gwajin ƙwarewa tare. A ce jarumai biyar suna son su sulale ta bayan masu gadin fada da dare. Jagora ya ce kowa ya jefa gwajin sanɗa. Kowa sai ya buɗe takardar jaruminsa, wato shafin da ke ɗauke da makin ƙwarewarsa, ya nemi wurin dannawa, sakamakon ya riƙa faɗowa a akwatin hira ɗaya bayan ɗaya a tsakanin barkwanci da tambayoyi, wani ya danna gwajin da ba shi aka ce ba, wani ya danna sau biyu, wani kuma intanet ta yanke masa. Jagora ya koma yana jan shafi sama da ƙasa yana ƙirga wanda ya ci da wanda ya faɗi, kafin ya gama, fargabar da ya gina a zukatan ’yan wasa ta riga ta huce.

An yi ƙoƙarin magance wannan, kuma ƙoƙarin ya rabu gida biyu. Akwai tsarin da jagora ke danna maɓalli ɗaya manhaja ta jefa wa kowa a lokaci guda, kamar yadda takardar tawaga ta Fantasy Grounds ke ba da dama, da wasu ƙananan rubuce-rubucen umarnin kwamfuta da ake ɗorawa a kan Roll20. Akwai kuma tsarin da jagora ke aika buƙata, maɓalli ya bayyana a gaban kowane ɗan wasa ya danna da kansa, sakamakon kuma ya taru wuri guda, kamar yadda wasu ƙarin manhajoji na Foundry suke yi. Ra’ayina shi ne na biyun ya kamata ya zama tsarin yau da kullum, na farkon kuma a ajiye shi don wasu lokuta na musamman.

Na san za a ce kwamfuta ce ke fitar da lambar ko wa ya danna, don haka babu bambanci. Ta fuskar lissafin sa’a wannan gaskiya ne, amma akwai shawarwarin da ɗan wasa ke yankewa daidai lokacin jifa waɗanda maɓallin jagora ke haɗiyewa. A bugu na biyar na Dungeons & Dragons, wanda ya fito a 2014, ɗan wasa zai iya kashe wata dama da ya ajiye don ya jefa ƙwaya biyu ya ɗauki mafi girma, kuma abokinsa zai iya tallafa masa da wata baiwa da ke ƙara masa ƙaramar ƙwaya mai fuska 4. Idan jagora ya jefa wa kowa kafin a yi shawara, ko dai waɗannan damammaki su salwanta, ko kuma a koma gyaran sakamako ɗaya bayan ɗaya, wanda shi ne ɓata lokacin da aka ce ana gudu. Ban da haka, mutumin da ya zauna sa’o’i uku a gaban allo yana jiran lokacinsa bai kamata a mayar da shi ɗan kallo ba a daidai inda makomar jaruminsa take rataye.

Abin da ya fi damuna, ya Edita, shi ne ƙa’idar da manhaja ke bi wajen yanke hukunci, domin a nan ne ake canja wasa ba tare da kowa ya lura ba. Bari mu ɗauki jarumai biyar waɗanda kowannensu ke da ƙarin maki 6 a gwajin da ke buƙatar 15. Kowannensu sai ya sami 9 ko sama da haka, wato fuskoki 12 cikin 20, kashi 60 cikin ɗari ke nan. Idan aka ce dole kowa ya ci, a bisa cewa wake ɗaya ke ɓata gari, damar tawagar ba ta kai kashi 8 cikin ɗari ba. Idan aka ce cin mutum ɗaya ya wadatar, damar ta kai kusan kashi 99. Ƙa’idar bugu na biyar kuwa ta ce idan aƙalla rabin tawaga ya ci to duka sun ci, kuma a misalinmu wannan yana ba da kusan kashi 68. Jarumai iri ɗaya, ƙwaya iri ɗaya, amma hukunci uku masu nisa da juna. Ita kanta ƙa’idar rabin tana da tata ƙura, domin rabin biyar sai an ɗaga shi zuwa uku, alhali tawagar mutum huɗu biyu kawai take buƙata, damarta kuma ta haura zuwa kusan kashi 82. Manhajar da ta rubuta “tawaga ta yi nasara” ba tare da ta nuna wace ƙa’ida ta bi ba, ta karɓe wa jagora aikin da nasa ne.

Kuma ƙa’idojin ba waɗannan uku ne kaɗai ba. A wasan Blades in the Dark, wanda John Harper ya fitar a 2017, kowa yana jefawa, a ɗauki sakamako mafi kyau ya zama na tawaga, amma wanda ya jagoranci aikin yana ɗaukar nauyin gajiya guda a kan kowane mutum da ya faɗi. Wannan tsari yana haifar da tambaya mai daɗi a tsakanin ’yan wasa, wato wa zai ɗauki nauyin sauran, kuma babu maɓallin da zai amsa musu ita. Saboda haka kamata ya yi a shimfiɗa wa jagora zaɓi kafin ya aika buƙata, manhaja kuma ta yi ƙirga a bisa abin da ya zaɓa, ta nuna sunan kowa da abin da ya samu a layi ɗaya.

Inda na yarda jagora ya jefa wa kowa shi ne gwajin da sanin sakamakonsa ke tona asiri, kamar lura da tarko ko gane maƙaryaci. Ɗan wasan da ya ga ya sami 3 a gwajin lura ya riga ya san akwai abin da ya wuce shi, ko da jaruminsa bai sani ba. Foundry tana da jifan makanta, wanda ɗan wasa ke dannawa amma jagora kaɗai ke ganin lambar, Fantasy Grounds ma tana da makamancinsa. Sannan bugu na biyar ya tanadi makin lura na dindindin, wato 10 a haɗa da ƙwarewar jarumi, wanda jagora zai iya dubawa ba tare da an jefa komai ba.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu da muke wasa daga ƙasashen da wuta da intanet ba su da tabbas. Buƙatar da ke jiran kowa ya danna za ta iya tsayar da mutum huɗu saboda na biyar ya ɓace daga layi. Maganin wannan ba shi da wuya: a sa ƙayyadadden lokaci, idan ya cika jagora ya jefa wa wanda ba ya nan shi kaɗai, a kuma sa alamar da ke nuna cewa jefa masa aka yi. Ya kamata kuma maɓallin ya fito ba tare da sai an buɗe takardar jarumi ba, domin mai wasa da waya ko tsohuwar kwamfuta ya san wahalar buɗe ta a kan taswira mai nauyi.

Ƙananan rubuce-rubucen Roll20 sai mai biyan kuɗin babban mataki ke iya amfani da su, Foundry kuma ana sayenta sau ɗaya a kan dala 50, jagora ne kaɗai ke saya sauran su shiga ta burauza. Da harshen JavaScript ake rubuta ƙarin manhajojin duka biyun, harshen da ɗalibanmu da yawa masu karatun kwamfuta suke koyo. Ina kira gare su da su gwada rubuta wanda ya haɗa zaɓin ƙa’ida da ƙayyadadden lokacin jira, su kuma sa maɓallansa da Hausa.

Na gode da ba ni wannan fili. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka,
Wani mai karatu daga Zariya