Abba, kan maganar takardun nan naka na girabiti, wato ƙarfin da ke jawo abu ƙasa

Assalamu alaikum Abba, ya karatu ya sanyi. Na karanta takardun da ka turo a WhatsApp kaf, sai da na sa ƙanwarka ta bugo min su a shago dan idona ba ya jure wayar nan. Wallahi na ji daɗi, ba kowane yaro ne zai hana kansa barci kan me ya sa dutse ke faɗowa ƙasa ba. Amma tunda ka ce in faɗa maka gaskiya to ga ta.

Ka ce wai ƙasa ba janmu take ba, wasu ƙwayoyi ne da suka fi ilektiron, ƴar ƙwayar nan ta lantarki, ƙanƙanta ke kwararowa ta ko'ina suna tunkuɗa mu, ƙasa ta tare na ƙasa sai na sama su danne mu. Abba an riga ka. Wani mutumin birnin Janeba a Turai mai suna Le Sage ya kawo wannan tun 1748, kuma da farko abin ya yi kyau dan yana ba da irin dokar girabiti ta Newton ta 1687, in nisa ya ninka biyu ƙarfin ya koma kashi 1 cikin 4. Inda ta ɓaci shi ne dole ƙasa ta shanye dukan ƙwayoyin nan, zafin da zai taru kuwa ya isa ya ƙone ta ƙurmus, ga shi kuma tana gudu a cikinsu kamar mai keke cikin ruwan sama, da tuni sun rage mata gudu ta faɗa rana. Na duba ban ga inda ka taɓo wannan ba ko da layi ɗaya.

Kuma dan Allah ka daina cewa ai Einstein ma akawu ne. Eh yana ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire a Bern a 1905, amma tun 1900 ya gama karatun fiziks da lissafi a Zurich. Da ya zo da nasa a 1915 lamba ya ajiye, ya fitar da ɗan gociyar da hanyar Makuri, duniyar da ta fi kusa da rana, ke yi, sakan 43 na kusurwa (sakan ɗaya kashi 1 cikin 3600 na digiri ne) duk shekara 100, abin da lissafin Newton ya kasa, sannan husufin rana na 1919 ya nuna hasken taurari na lanƙwasa kusa da rana kamar yadda ya ce. Ko GPS ɗin wayarka da lissafinsa ake saita agogon tauraron ɗan Adam.

To kai ma abu ɗaya nake so, ka fitar min da kwana 27 da wata ke yi ya zagaye duniya daga lissafinka, ba da baki ba. Kafin nan kar in ƙara ganin ka rubuta a Facebook wai malamanku na ɓoye gaskiya, ka kai wa ɗayansu cikin ladabi ya duba maka, kuma kar ka yi wasa da jarabawa kan wannan.

Mamanka na gaishe ka, ta ce ka rame a hoton nan. In za ka zo hutu ka taho da littafin, tsohon kalkuletana na nan mu zauna.

Babanka